RA'AYINMU: Idan Gini Ya Tsaya, Ina Makomar Yaranmu 'Yan Koyo?

Kamar yadda jama'a suka sani, tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki Naira a watan Yuni na shekarar, harkar gine-gine ta shiga wani hali a ƙasar nan. Buhun siminti da ake saye wajen N5,000 ya haura N10,000 a watan Fabrairun 2024, rodi da kwano da katako suka bi sahu, kuɗin tifar yashi ya tashi saboda tsadar dizal. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Duk wanda ya zagaya bayan garin Ibadan a wannan tsakani ya ga gidajen da aka kai linta aka dakata, ciyawa ta rufe bulo. Haka aka gani a 2016, haka aka gani a 2020.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, a duk lokacin da aikin gini ya tsaya, wanda ake fara sallama shi ne yaron da ke koyo, kuma a cikin waɗannan yara akwai namu da dama, a hannun birkiloli da kafintoci da masu walda da masu sa tayil. Ɗan koyo ba shi da albashi. Abin da yake samu kuɗin abinci ne, shi ma sai ranar da aka fita aiki. Idan kwangila ta yi ƙaranci, ubangidansa zai riƙe ƙwararrun da suka iya filasta da zuba dakin, shi kuwa a ce masa ya je ya huta sai an neme shi. Ba a kore shi ba, ballantana ya san inda dare ya yi masa, ba a kuma kiransa. Wata uku, wata shida, shiru. Wanda yake kwana a wurin ginin yana gadin kaya, ranar da aka rufe wurin ya rasa abinci da makwanci gaba ɗaya. Abin da ya fi ciwo shi ne shekarun da ya riga ya ba da. Yaron da ya yi shekara biyu, ya fara jera bulo da hannunsa, idan ya koma wurin wani maigidan ba tare da wata shaida ba, daga kwaɓa siminti da ɗaukar kwano za a sake fara shi.

Da yawa cikin iyaye sun ɗauka doka ba ta san da ɗan koyo ba. Ta sani. Dokar Ƙwadago ta Tarayya, daga sashe na 49 zuwa na 53, magana take yi a kansa. Ta ce wa'adin koyon sana'a kada ya wuce shekara 5. Ta ce wanda ya haura shekara 12 amma bai kai 16 ba, mahaifinsa ko waliyyinsa ne zai ba da shi, kuma da yardar yaron. Daga 16 zuwa sama yana iya ƙulla yarjejeniyar da kansa. Sashe na 50 ya ce dole yarjejeniyar ta kasance a rubuce, kuma jami'in ƙwadago mai izini ya amince ya sa hannu, haka ma idan za a mayar da yaron hannun wani maigidan. Akwai kuma wani tanadi da ya kamata kowane uba ya riƙe: idan wa'adi ya cika maigida ya ci gaba da riƙe yaro yana yi masa aiki ba tare da an yanka masa lada ba, yaron yana da ikon neman a biya shi kamar yadda ake biyan mai irin wannan aiki. Masu jan yaye da sunan "kasuwa ba kyau" su san da wannan.

To amma duk wannan kariya a kan takarda ta rataya, kuma a nan gizo ke saƙar. Akasarin mutanenmu da baki suke ba da yaro: ga ɗana nan, amana, Allah ya sa albarka, a yi musabaha a watse. Amana abu ne mai girma a wurinmu, ba mu musa ba. Sai dai ranar da maigidan ya tattara ya koma garinsu, ko ya rasu, ko shi kansa ya bar sana'ar, wa zai faɗi ranar da yaron ya fara da abin da aka biya? Maƙwabtanmu Yarabawa sun daɗe da gane wannan. Suna cika takarda, a sa mai tsaya wa yaro, a rubuta wa'adi, ranar yaye kuma, wadda suke kira firidom, a ba shi takardar shaida a gaban 'yan ƙungiyar sana'arsu. Ba abin kunya ba ne mu ara.

Ba kuma muna cewa duk laifin na iyayen gida ne ba. Magini da ya yi wata biyu bai fita aiki ba, shi ma yana da iyali, ba zai ciyar da yara biyar daga aljihun da ba komai ba. Abin da muke nema a wurinsu bai fi ƙarfinsu ba. A rubuta tun farko abin da za a yi idan aiki ya yanke: bayan kwana nawa ne yaro zai sami izinin bin wani maigidan, kuma ko kwanakin zaman jira suna cikin lissafin wa'adi. Idan rabuwa ta zama dole, a ba shi takarda mai ɗauke da ranar da ya fara, da ranar da ya tsaya, da ayyukan da hannunsa ya faɗa a kai. Layi biyar ya isa. Kuɗin koyo da aka karɓa gaba ɗaya kuwa, adalci shi ne a mayar da kason shekarun da ba a koyar ba, ko a miƙa shi ga wanda zai ƙarasa.

Lokacin da aiki ya yi ƙaranci, 'yan kwangila sukan rage kashe kuɗi a kan katakon tsani da hular kwano, a tura yaro sama saboda shi ba ya musu. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta ambaci mai koyon sana'a da mai aikin yini a cikin waɗanda ta shafa. Idan yaro ya faɗo ko ya ji rauni, kada a karɓi kuɗin Panadol a rufe magana. A rubuta rana da wuri da sunayen waɗanda suka gani, a adana katin asibiti, a sanar da sakatariyar ƙungiya a ranar.

Ga su yaran kuma, mun san jan hankalin acaɓa, domin kuɗinsa a hannu yake kullum. Amma 'yan'uwanmu na Legas sun ga yadda aka hana shi a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, dubban matasa suka wayi gari ba abin yi. Wanda ya yi nisa a koyo gara ya yi amfani da zaman jiran nan ya nemi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya. Kamfanoni da ma'aikatun gwamnati suna duba wannan takarda wajen ɗaukar ma'aikata. Wanda karatun boko ya yi masa ƙaranci, ajin yaƙi da jahilci na dare yana nan, ba a kuma tambayar shekaru.

Muna kira ga masu unguwanni da limamai su taimaka a san yawan yaranmu da ke zaune a halin yanzu, da sana'ar kowanne, da shekarun da ya yi. Magina da kafintocin da ke cikinmu waɗanda Allah ya buɗa wa aiki, kowa ya ɗauki ko da yaro ɗaya ya ƙarasa masa daga inda ya tsaya. Duk uban da ɗansa ke hannun wani ba tare da takarda ba, ya zo sakatariya ranar Lahadi bayan La'asar tare da yaron, in da hali da maigidan nasa, za a rubuta musu da Hausa da Turanci, a karanta wa kowa ya ji kafin a sa hannu, sannan a raka su ofishin ƙwadago.