Waiwaye adon tafiya: ina ɗakin tarihin Madarunfa?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ya tashi daga Madarunfa zuwa Yamai, in ya gama abin da ya kai shi, ya kyautu ya ware awa biyu ya shiga babban gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, yake kuma ɗauke da sunan marigayi Bubu Hama. A can zai ga tufafin ƙabilun Nijar, da ƙasusuwan manyan dabbobin dauri, da busasshen icen Tenere wanda mota ta kayar a 1973. An kafa gidan ne ana gab da samun mulkin kai, domin ƴan ƙasa su san cewa suna da tarihi tun kafin zuwan Nasara.

Amma mutumin jihar Maraɗi, in ya fito daga wannan gida, ya dace ya tuna cewa wani babban babi na labarin mamayar, a ƙasarsu aka yi shi. A 1899 rundunar hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, ta ratso daga yamma tana ƙone garuruwa. Ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, sannan ta shigo ƙasar Tasawa. Ran 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko daga baya ya tsayar da ɓarnar. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su. Kaburburansu suna Maijirgi. A ƙarshen watan nan ne sauran rundunar ta ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini.

Abin da ya biyo baya tsofaffi sun san shi: lanho, da gardi mai bulala, da aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Haka nan iyakar da Faransa da Ingila suka shata a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ita ce ta raba Katsinawan Maraɗi da ƴan uwansu na Katsina. Duk fatken da ya tsaya a Ɗan Isa yana nuna takardu, yana canza sefa zuwa naira kafin ya shiga Jibiya, da gadon wancan zamani yake fama. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, wadda Jibo Bakari da Sawaba suka nemi a ce a'a, aka kafa jamhuriya ran 18 ga Disamba, aka kuma sami ƴancin kai ran 3 ga Ogusta 1960 a ƙarƙashin Jori Hamani. Sojojin Faransa na ƙarshe sun bar ƙasar a Disamba 2023.

To, ga inda gizo yake saƙa. Wanda ya ga aikin tilas da idonsa, yau ya haura shekara 80. In ya rasu ba a ɗauki maganarsa ba, ta tafi ke nan. Takardun lanho, da tsofaffin kuɗi, da hotuna, da takubban kakanni suna nan cikin adaka, gara tana ci.

Madarunfa tana da tafki da kaburburan waliyyai 99 masu jawo baƙi. Ɗaki guda kusa da wurin ya isa a fara. Hukumar gari ta ba da fili, attajirai su sa siminti da kwano, malaman makaranta su bi ƙauyuka da ɗalibansu suna naɗar muryoyin dattawa, sarakunan gargajiya su sa baki a fito da abin da aka ɓoye. Wannan bai kai kuɗin bikin aure ɗaya na manyan gari ba.

Yaron da bai san yadda aka ƙwace ƙasa ba, da wuya ya san darajar dawowarta. Allah ya sa masu hali su ji.