Tashar Jirgin Ƙasa Ta Zariya: Ina Aka Nufa Da Ita?

Tun da aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa sabon layin dogo mai faɗi daga Kaduna zuwa Kano cikin watan Yuli na 2021, tambayar da ta fi yawa a bakin mutanen Zazzau ita ce yaushe sabon jirgin zai iso. Amma akwai wasu biyu da ba a cika yinsu ba, watau me za a yi da tsohuwar tashar da ke Sabon Gari, kuma wane rabo Birnin Zariya zai samu a wannan karo, tun da a karon farko jirgi ya wuce shi ta bayan ganuwa.

Layin da ya ratsa Zariya shi ne na Baro zuwa Kano, wanda aka soma a zamanin Gwamna Percy Girouard, injiniyan soja ɗan Kanada da ya riƙe Arewa daga 1907 zuwa 1909. Faɗin layin ƙafa 3 ne da inci 6. Ya iso Zariya ya zarce Kano cikin 1911, sa'an nan aka haɗe shi da layin Ikko cikin 1912. Ba da daɗi aka yi aikin ba, gama ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara talakawa ana tura su haƙa da ɗaukar ƙasa, abin da aka kira aikin diga. Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu Ɗan Sidi, har waƙa ya rubuta a kan al'amarin, wadda aka sani da Waƙar Diga.

Sai dai Turawa ba su kawo tashar kusa da birni ba. Sun kafa ta can arewa, a hayin kogin Kubanni, kusa da barikinsu, bisa manufarsu ta raba mazaunin Bature da na baƙi da na 'yan ƙasa, wadda dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara tabbatarwa. Daga wannan shawara ce siffar Zariya ta yau ta fito. Kantunan Turawa da rumbunan ajiye kaya suka jeru a gefen dogo, aka kafa injin gurzar auduga, akawuna da masu sana'a daga Kudu suka zauna a Sabon Gari, baƙi 'yan Arewa kuma aka ba su Tudun Wada. Birni ya riƙe fada da Masallacin Jumma'a da malamai da marina da maɗinka, amma ciniki mai tsoka ya fita ta Ƙofar Doka, kuma har yau bai komo ba.

Ba a daɗe ba tashar ta zama mahaɗa. An ja wani siririn layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 daga Zariya zuwa ƙasar kuza, ya kai Bukuru cikin 1914, ya yi aiki har aka rufe shi cikin 1957. Wani reshen kuma ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda cikin 1929, yana kwaso auduga da gyaɗa da fatu. Saboda haka ne Zariya ta zama hedikwatar shiyyar Arewa ta Hukumar Jiragen Ƙasa.

Wanda ya san ginin birni zai ga bambancinsa da na tasha nan take. Maginan Zazzau sun yi aiki da tubali da azara, suna ɗaga rufi da bakan gizo ba tare da ƙarfe ko ɗaya ba, kuma gwaninsu Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya bar shaida a Masallacin Jumma'a da ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, shekaru da dama kafin zuwan Turawa. Gidan birni yana juya wa hanya baya, zaure kaɗai yake nuna wa baƙo. Tasha kuwa, irin ginin da ma'aikatar jirgi ta yi a manyan garuruwan Arewa, miƙe take a gefen dogo, fuskarta a buɗe, da doguwar baranda da rufin kwano mai tsawo domin iska ta ratsa. Ba a yi ta domin ado ba. Komai nata yana da dalili: rumbun kaya domin auduga, tankin ruwa a sama domin injin mai aiki da gawayi, wurin gyaran injuna, sa'an nan gidajen ma'aikata da aka jera bisa muƙami, na Bature daban, na akawu daban, na lebura daban. Ɗalibin tarihi zai iya karanta tsarin mulkin mallaka a wannan fili fiye da yadda zai karanta shi a littafi.

Abin lura kuma, ta wannan tasha ce siminti da kwano suka shigo ƙasar Zazzau da yawa, har suka ci kasuwar maginan gargajiya. Shi kansa masallacin Babban Gwani, ginin siminti aka lulluɓe shi da shi bayan 1970.

Labarin lalacewar jirgi sananne ne. Manyan motoci sun ƙwace kaya, noman gyaɗa da auduga ya ja baya da zuwan kuɗin mai, kuma ko ƙwararrun Indiya da aka damƙa wa hukumar daga 1979 zuwa 1982 gyaran da suka yi bai ɗore ba. An sake buɗe layin Ikko zuwa Kano cikin Disamba 2012 bayan gyara, amma zirga-zirgar ba ta koma yadda take a da ba.

To, abin da ya faru a wasu garuruwa ya isa a yi hattara. Da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna cikin 2016, a Rigasa aka kafa tashar, nesa da tsohuwar ta cikin gari. A Ibadan ma Moniya aka tafi. Sabon layi mai faɗin ƙafa 4 da inci 8 da rabi yana bukatar hanya miƙaƙƙiya da fili mai yawa, saboda haka yakan kauce wa tsohon gari, kuma jirginsa ba ya iya hawa tsohon dogo. Duk inda haka ta faru, fasinja da masu abinci da 'yan dako sukan bi sabuwar tasha, tsohuwa kuwa a bar ta ga ciyawa da masu yankan fili. Filin hukumar jirgi a tsakiyar Sabon Gari ba ƙaramar dukiya ba ce, kuma ba a rasa masu sa masa ido.

Hanyar tsare shi ba ɓoyayya ba ce. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa tana da ikon sa gini cikin jerin kayan tarihi, kuma in har gadar ƙarfen Lugga da aka ɗauko daga Zungeru zuwa Kaduna ta cancanci haka, babu dalilin da zai hana tashar Zariya. A Ebute Metta an gyara wani tsohon gidan hukumar jirgi, Jaekel House, an mai da shi ɗakin tarihi. Zariya ta fi Ikko sauƙin yin haka, domin Sashen Zanen Gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da aka kafa cikin 1986 kuma tana nan cikin gari. Ɗalibai za su iya auna kowane gini su zana shi kafin a rasa wani.

Bugu da ƙari, gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, abin da a da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da shi. Ke nan Gwamnatin Jihar Kaduna ba ta da sauran hujjar cewa ba ruwanta. Tana iya neman a ci gaba da amfani da tsohon layi wajen ɗaukar hatsi da takin zamani tsakanin Zariya da Funtuwa da Gusau, tana kuma iya tsayawa tun yanzu a kan cewa a yi titi mai kyau da motocin haya daga sabuwar tasha har cikin birni. Cikin 1911 ba wanda ya nemi shawarar mutanen birni kan inda za a ajiye tasha. Yanzu suna da masarauta da ƙaramar hukuma da wakilai a Kaduna da Abuja, kuma lokacin yin magana shi ne kafin jirgin farko ya tsaya.