Injin da ba ya samun gangara

A gaɓar Florida da manyan tafkunan Amurka akwai wasu jiragen ruwa dogaye masu siririn baki waɗanda ba a ƙera su domin kaya ko kamun kifi ba, gudu kawai ake nema da su. Da yawansu suna ɗauke da babban injin Chevrolet mai silinda 8, wanda ake kira 454, mai girman lita 7.4, da ya fara fitowa a 1970, ko kuma ƙanensa 502 mai lita 8.2. Kamfanin Mercury Marine ya daɗe yana sayen waɗannan injina daga General Motors, ya gyara su domin ruwa, ya sayar da su da sunan MerCruiser. Tun da asalin injin na mota ne, idan ya tsufa aka zo sauke shi, sau da yawa mai jirgi yakan kai wa bakaniken motocin tsere, ya ce a ƙara masa doki ɗari. Daga nan asara take somawa.

Mota tana hutawa. Idan ta kama babbar hanya, injin yana juyi kusan 2,000 a minti, da ɗan kaɗan daga ƙarfinsa yake aiki, ga giya da ake sauyawa, ga gangara. Jirgi ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma da zarar an sassauta totur sai jirgin ya zauna. Tafiyarsa ta yau da kullum tana tsakanin juyi 3,000 da 3,500, idan kuma aka buɗe wuta duka ya kai 4,400 zuwa 5,000, gwargwadon samfuri. Misalinsa shi ne tirela maƙare da kaya tana hawan tudun da ba shi da ƙarshe. Motar tsere takan nuna iyakar ƙarfinta na 'yan daƙiƙu. Jirgi ana so ya riƙe nasa na tsawon sa'a. Saboda haka kuɗin gyara ya kamata ya fara shiga wuraren da ba sa ƙara doki ko ɗaya.

Wuri na farko shi ne zafi. Yawancin waɗannan jirage ba su da lagireto, ruwan tafki ko na teku suke zuƙowa ya ratsa injin ya fita. A irin wannan tsari ana riƙe zafin ruwan a wajen digiri 60, domin idan ya wuce haka gishiri yana daskarewa ya toshe hanyoyi. Sai a samu gangar jikin injin da sanyi-sanyi, alhali fistan a ciki yana cin wuta ba ƙaƙƙautawa. Ƙarfe mai zafi yana buɗewa, mai sanyi bai buɗe sosai ba. Idan bakanike ya bar tazarar mota tsakanin fistan da bangon silinda, fistan zai kumbura ya goge bangon, wani lokaci tun a fitar farko. Ƙarin tazarar da ake buƙata bai kai kaurin gashin kai ba, amma shi ne bambancin injin shekara goma da injin mako biyu. Haka bawul ɗin fitar hayaƙi: a manyan injina ana sa na ƙarfen Inconel mai jure zafi, a ɗan sassauta masa mazauninsa don kada ya maƙale. Babu wanda ke zuwa bakin ruwa ya yi alfahari da tazarar fistan, shi ya sa ake tsallake ta.

Abin da ake alfahari da shi kamshaf ne, sandar da ke buɗe bawul tana rufewa. Masu son tsere suna ƙaunar kamshaf mai zafi, wanda ke sa inji ya riƙa gurnani yana karkarwa a tsaye. Wannan gurnani yana fitowa ne daga ɗan lokacin da bawul na shiga da na fita suke buɗe tare. A mota illarsa kaɗan ce. A jirgi kuwa ana zuba ruwan sanyaya inji cikin bututun hayaƙi domin kada ya ƙona jikin jirgin, don haka idan lokacin buɗewar ya yi tsawo, injin da ke aiki a hankali yakan zuƙo ruwan nan baya zuwa cikin silinda. Kaɗan-kaɗan bawul ya yi tsatsa, baƙin mai ya koma kamar madara. Ranar da ruwan ya yi yawa, fistan ya taso ya tarar da abin da ba ya matsuwa, sai sandarsa ta lanƙwashe. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wanda ya nace sai ya sa irin wannan kamshaf, to dole ya sauya bututun hayaƙi da dogo wanda ke haɗa ruwa da hayaƙi can nesa da inji, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Masu neman ƙarfi suna da hujja: ba a sayi jirgin gudu domin a yi tafiyar kwale-kwale ba. Gaskiya ne, kuma 454 yana da ƙashin ɗaukar ƙari. Sai dai ƙarfin ba a inji yake tsayawa ba. Yana bi ta ƙafar da ke bayan jirgi, mai ɗauke da giya da farfela. Samfurin Alpha na MerCruiser an yi shi domin injin da bai wuce kimanin doki 300 ba, shi ya sa kamfanin ya fito da Bravo a 1988. Wanda ya ɗora doki 450 a kan Alpha ya sayi sabon inji ne domin ya karya tsohuwar ƙafa. Ita ma farfela sai an sake aunawa: ƙarin inci ɗaya a karkatar fukafukanta yana rage juyin inji da kusan 200, kuma injin da farfela ta danne shi ƙasa da iyakarsa yana ƙwanƙwasa har ya huda fistan.

Akwai kuma batun wuta. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi, ba kamar a mota ba inda iska ke kwashe shi. Dokar Amurka ta wajabta kik da altaneta marasa fitar da tartsatsi, da murfin tare harshen wuta a kan kafireto. Na mota sun fi araha kuma suna shiga mazaunin daidai, wannan ne haɗarinsu.

Mutumin da ya kafa Mercury a 1939, Carl Kiekhaefer, ɗan tsere ne na gaske, amma da ya so ya tallata injinsa Mark 75 a 1957, gwajin juriya ya shirya. A wani tafki da ya ɓoye a Florida, wanda ake kira Lake X, aka yi ta zagaye dare da rana har mil 50,000, cikin kwana kusan 69, ana zuba mai jirgi na tafiya.

Duk wannan aiki yana rataye ne a kan wata 'yar fanka ta roba da ke cikin famfon ruwa, wadda kuɗinta bai kai na cika tanki ba. Idan aka tayar da inji babu ruwa, cikin ƙasa da minti ɗaya tana iya ƙonewa, yashi kuma yana cin ta a hankali. Irinta ce a cikin injin Yamaha da ke tura kwale-kwalen fasinja a Yawuri ko a Tafkin Chadi, inda ruwan damina ke zuwa da laka. Masu ƙera injina suna cewa a riƙa sauya ta a kan lokaci ko da ba ta nuna alamar lalacewa ba, a kuma duba fitar ruwan sanyaya inji duk lokacin da aka tayar, kafin a saki igiya.