Tunatarwa: Hanyar Zuwa Gwajin Mota

Tunatarwarmu ta yau domin danginmu mazauna Turai ce.

A Ingila, motar da ta cika shekara 3 sai an gwada lafiyarta kowace shekara. Idan takardar gwajin ta ƙare, doka ba ta yarda a tuƙa ta ba sai zuwa wurin gwaji ko gyara, a ranar da aka riga aka tsayar, da inshora a hannu. Wanda ya fita da ita wata hidima, tararsa na iya kai fam 1,000. A Faransa kuwa babu wannan rangwame: yuro 135 ne, ko an tsayar da rana.

Kada mu jira wa'adi ya wuce, kada kuma mu ɗauki iyali a motar da ba mu amince da burkinta ba. Rai amana ne. Allah ya kiyaye hanya.