Raddi ga masu cewa ilimin ƙwayar zarra zato ne kawai

Akwai wata magana da ta samu karɓuwa a wajen wasu masu karatu, wai ilimin ƙwayar zarra ba abin dogaro ba ne. Dalilinsu shi ne daga 1808 zuwa 1926 an kawo siffofi biyar na wannan ƙwaya, na Dalton da Thomson da Rutherford da Bohr da Schrödinger, kowa ya zo sai ya rushe ginin na gabansa. Suka ce wanda aka kama da kuskure sau huɗu, me zai sa a yarda da shi a na biyar? Maganar tana da daɗin ji, sai dai ta cakuɗa abin da aka auna da hoton da aka zana don fassara awon. Hoton ne ya yi ta sauyawa, awon kuwa yana nan daram.

Hujjarsu ta farko ita ce Dalton ya ce ƙwayar zarra ba ta rabuwa, ga shi kuma an raba ta. Haka ne, ya kuskure a nan, har ma ya ɗauka ruwa ƙwayar haidirojin ɗaya ce da ta oksijin ɗaya. Amma a duba tubalin da ya yi gini a kai. Giram 12 na kabon yana haɗuwa da giram 16 na oksijin ya ba da wata iska, ko da giram 32 ya ba da wata, wato ninki biyu cif. Wannan lissafi bai motsa ba har yau. Ko da'awarsa cewa ƙwayoyin sinadari ɗaya nauyinsu ɗaya ne, gyara ta aka yi. Na'urar da Aston ya ƙera a 1919 ta nuna kilorin iri biyu ne, mai nauyin 35 da mai 37, sai aka gane abin da ya sa awo yake ba da 35.5. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ta biyu, wadda suka fi ji da ita, ita ce Rutherford ya ƙaryata malaminsa Thomson. To, me ya ƙaryata? Thomson ya gano ilektiron a Kambirij a 1897, kuma da awo ya gano ta. A 1904 ya yi hasashen cewa cajin da ke daidaita ta a baje yake cikin ƙwayar baki ɗaya, wannan ɓangare kuwa bai taɓa auna shi ba. A 1909, a Manchesta, Geiger da Marsden suka harba ƙwayoyin alfa kan siraran fallayen ƙarfe irin su zinariya da filatinam. Mafi yawa suka ratsa suka wuce, amma kimanin ɗaya cikin 8,000 ta dawo baya. Caji a baje ba zai iya mayar da ƙwaya mai irin wannan gudu ba, don haka a 1911 Rutherford ya ce dole nauyin da cajin a dunƙule suke cikin 'yar ƙaramar cibiya. Hasashen 1904 ne ya faɗi. Ilektiron ta 1897 ita ce dai take gudana a wayar lantarkin da ke gidan mai musun.

Batun Bohr ba ya buƙatar dogon zance. Siffarsa ta 1913 ta yi bayanin layukan hasken haidirojin da Balmer ya tsara lissafinsu tun 1885, amma ta gaza a kan ƙwayar hiliyam mai ilektiron biyu. Da Schrödinger ya zo a 1926 ya watsar da kewayen ilektiron da Bohr ya zana, lissafinsa na haidirojin ya fito da matakan ƙarfi iri ɗaya da na Bohr. A nan ina ganin masu musun suna da ɗan uzuri, domin littattafan sakandare suna zana ilektiron tana zagaya cibiya tamkar magana ta ƙare, ɗalibi ya je jami'a a ce masa ba haka ba ne. Laifin na salon koyarwa ne.

Sai suka ce ai gani ya kori ji, wa ya taɓa ganin ƙwayar zarra? Manyan masana irin su Mach da Ostwald sun riga su wannan tambaya. Einstein ya yi lissafi a 1905 kan yadda ƙananan ɓurɓushi ke rawa cikin ruwa, Perrin ya auna a 1908, abin ya yi daidai. Daga baya Perrin ya jera hanyoyi fiye da goma da ba su da alaƙa da juna, duk suna ba da kusan adadi ɗaya na ƙwayoyin. Ostwald ya sallama. A 1989 kuma masu bincike a kamfanin IBM suka jera ƙwayoyin zinon 35 ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta sunan kamfanin da su.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce gobe ma za a sauya. Za a iya, kuma an sha ƙari: Chadwick ya gano niyutiron a 1932, an kawo batun kwak a 1964. Amma duk sabuwar siffa sharaɗinta ta fitar da tsofaffin alƙaluman kafin a saurare ta. Na'urar nukiliya ta bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana aiki tun 2004 da niyutiron ɗin Chadwick da cibiyar Rutherford. Duk mai cewa tarihin nan rushe-rushe ne, ya kawo mana awo guda ɗaya tak da aka tabbatar sannan ya rushe, ya faɗi shekararsa da sunan wanda ya yi shi.