Allo Ya Yi Baƙi? Kar Ka Yi Saurin Binne Katin Hoton Kwamfutarka

Idan kana da tsohuwar kwamfutar gem a ɗaki, ko kana kula da shagon buga gem a unguwa, ko kuma da haɗa bidiyo da zanen fosta kake neman na abinci, akwai ranar da kowa ke fargaba. Ka danna maɓalli, fanka ta tashi, fitila ta kama, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. Maganar farko da za ta fito bakin abokai ita ce, "Shikenan, girafik ya tafi." Daga nan sai a fara lissafin kuɗi, a kama hanyar kasuwa.

Ɗan'uwa, dakata tukuna. Katin hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik kad ko GPU, shi ne yawanci kaya mafi tsada a cikin kwamfutar gem. A halin da kasuwa ke ciki yanzu, yanke masa hukuncin mutuwa ba tare da bincike ba zai iya cinye maka kuɗin makaranta na zango guda, alhali wataƙila kebul ne kawai ya saki.

Me ya sa maganar ta yi zafi yanzu?

Abubuwa da dama ne suka haɗe wa masu tsofaffin kwamfutoci lokaci guda. Na farko, naira. Kafin a sake ta a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura 1,500. Duk katin da ke Computer Village a Ikeja ko Beirut Road a Kano da dala aka shigo da shi, sabo ne ko tokumbo.

Na biyu, guguwar ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Kamfanin Nvidia yanzu ya fi samun kuɗi daga manyan cibiyoyin bayanai fiye da 'yan gem. Kamfanoni uku da ke kera mafi yawan ma'adanar ram ta duniya, Samsung da SK hynix da Micron, su ma can suka karkata, shi ya sa daga ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabi. Katin hoto kuwa da irin nasa ram ɗin yake aiki, to ka ga tsadar ba za ta bar shi ba.

Na uku, tsofaffin kayan sun fara zama marayu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Nvidia ma ta sanar cewa daga Oktoban 2025 ta daina fitar da sabbin direbobin gem ga katuna irin su GTX 750 Ti da dangin GTX 900 da GTX 10, sai gyaran tsaro kawai duk bayan wata uku har zuwa Oktoban 2028. Ka lura, GTX 1060 da GTX 1050 Ti, waɗanda suka fito tun 2016, su ne har yau ke riƙe da shagunan gem da yawa a garuruwanmu. Wannan sanarwar ba ta kashe katinka ba, zai ci gaba da buga gem ɗin da ya saba bugawa. Sai dai wasu masu sayarwa za su fake da ita su tsorata ka.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi

Kafin ka taɓa komai a ciki, kashe kwamfutar, zare filogi daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita.

Sannan duba bayan kwamfutar. Akwai wurin saka kebul na allo kashi biyu: na madabod a sama, da na katin hoto a ƙasa. Sau da yawa bayan an yi shara ko an matsa da tebur, wani ƙane zai mayar da kebul ɗin wurin da ba nasa ba. Canja kebul ɗin HDMI, gwada wata kafar, gwada da talabijin ɗin falo. Abin dariya ne, amma wallahi a nan matsalar mutane da yawa take ƙarewa.

Idan bai yi ba, buɗe murfi. Zare katin daga raminsa, ka hure ƙura, ka mayar har sai ka ji ya ce ƙas. Haka za ka yi wa ram, domin ram da bai zauna daidai ba yana kawo baƙin allo iri ɗaya sak da na mutuwar kati. Idan sanda biyu ne, gwada ɗaya bayan ɗaya. Wasu madabod suna da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne, ita ke nuna maka inda cutar take. Akwai kuma ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, wanda idan ya tsufa yakan rikita saitin kwamfuta. Kuɗinsa bai kai na katin waya ba.

Wani abin lura: katuna da yawa ba sa juya fankarsu sai sun ɗauki zafi. Don haka ganin fanka a tsaye kaɗai ba shaidar mutuwa ba ce.

Raba gardama

Gwajin da ke raba gardama shi ne ka cire katin gaba ɗaya, ka haɗa allo da madabod. Idan hoto ya fito, to sauran kwamfutar lafiya lau, zargi ya koma kan katin ko wutar da ake ba shi. Amma fa ka san irin furosesarka. Na Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu, da na AMD irin su Ryzen 5 3600, ba su da nasu hoton a ciki, ko suna lafiya ba za su nuna komai ba. A irin wannan hali sai ka ɗauki katin ka kai wajen aboki a saka a tasa kwamfutar, ko ka aro nasa ka saka a taka. Idan katinka ya yi aiki a can, ka ga ba shi ne mai laifi ba.

Wanda ya fi yawan laifi kuma ba a cika zarginsa ba shi ne akwatin wuta, wato fawa sufilai. Ramin da kati ke zama wat 75 kawai yake bayarwa. Kebul mai baki shida yana ƙara 75, mai baki takwas 150. GTX 1060 yana jan kusan wat 120, RX 580 kuwa 185. Yanzu ka tuna cewa kwamfutocin gem da yawa a nan tsofaffin kwamfutocin ofis ne, irin su Dell OptiPlex, da aka cusa musu kati alhali akwatin wutarsu ƙarami ne. Ƙara da ɗauke wuta da dawo da ita, da canjawa zuwa janareta sau biyar a rana. Idan kwamfutarka tana mutuwa ɗif ko ta sake tashi da kanta da zarar gem ya yi nauyi, fara zargin wuta. Kuma don Allah kar ka buɗe wannan akwatin da kanka, yana riƙe wutar da za ta iya halaka mutum ko bayan an zare filogi.

Idan hoto yana fitowa amma da matsala

Nan ma alamomin sun bambanta. Idan gem yana farawa lafiya, bayan minti goma ya fara sarƙewa, fanka na ihu, zafi ne. Ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin katin, zafin Maris zuwa Mayu ya zo ya ƙarasa. Man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar kati da ƙarfen sanyaya shi yakan bushe bayan shekaru. Sauke manhajar GPU-Z ko HWiNFO, kyauta ne, ka kalli ma'aunin zafi yayin da kake gem. Idan yana haura digiri 85 zuwa 90, a wanke shi a sa sabon mai. Wannan aikin 'yan dubbai ne.

Idan kuma matsalar ta fara ne bayan an sabunta Windows ko direban kati, ko Device Manager yana nuna lamba 43, goge tsohon direban tas da manhajar DDU ka saka sabo daga shafin Nvidia ko AMD. Idan lamba 43 ta sake dawowa bayan haka, to lamarin ya fara muni.

Alamar da ta fi kowace muni ita ce layuka, ko ɗigo-ɗigo masu launi, ko murabba'ai a allo tun daga tambarin farko, kafin Windows ta buɗe. A wannan lokacin direba bai fara aiki ba, don haka ba za a ɗora masa laifi ba. Yawanci ma'adanar katin ce ko dalmar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwarsa ta samu matsala. Idan ka canja kebul da allo, ka kuma gwada a wata kwamfutar abin bai canja ba, to yanzu kam za ka iya yin ta'aziyya.

Za ka ga bidiyoyi a YouTube da TikTok ana gasa kati a oban ko ana busa masa wutar zafi ya farfaɗo. Wani lokaci yakan tashi, amma na ɗan lokaci ne, hayaƙin kuma guba ne a wurin da ake dafa abinci. Abin takaicin shi ne, irin waɗannan gasassun katunan kan dawo kasuwa a matsayin masu lafiya.

Idan saye ya zama dole

A nan ne ake shiga hannu. Ranar 15 ga Satumban 2022 tsarin Ethereum ya daina amfani da haƙar da ake yi da katin hoto, sai masu haƙar suka zubo katunansu kasuwannin duniya. Da yawansu sun yi shekaru suna aiki dare da rana. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu da ma'adanarsu sun sha wuya. Akwai kuma na jabu: tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Akwai RX 580 mai laƙabin 2048SP, wanda a ƙarfi ɗan'uwan RX 570 ne, domin cikakken RX 580 yana da 2304. GPU-Z zai nuna maka wannan lambar, yakan kuma tona asirin na jabu da yawa.

Saboda haka kar ka yi cinikin biri a sama. A saka katin a gabanka, a buɗe GPU-Z, a kunna gem mai nauyi ko manhajar FurMark na kamar minti ashirin kana kallon zafi da allo. Ka nemi rasit mai lambar katin da yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce. Wanda ya ƙi, ka yi masa sallama. Araha ba ta ado.

Ka kuma tambayi kanka ko sauran kwamfutar ta cancanci sabon kati. Idan furosesarka ta Intel ta girmi zubi na takwas, Windows 11 ba ta karɓarta a hukumance, kuma kati mai ƙarfi ba zai nuna ƙarfinsa a kanta ba. Wani lokaci dabara ita ce ka sayi ɗan madaidaici ka lallaɓa, kana tara kuɗin canja gaba ɗaya.

Ni a ganina, muddin dala da AI na jan farashi sama, sanin yadda ake gano cutar kwamfuta ya zama dole ga duk matashin da ke cin abinci da ita. Masu gyara na gari suna nan, amma ko su sun fi girmama kwastoman da ya zo yana cewa, "Na canja kebul, na gwada ram, na saka katin a wata kwamfutar, ga abin da na gani." Shi ba a yi masa zancen banza.

Wanda tasa ke aiki lafiya kuma, rigakafi ya fi magani. Ɗaga ta daga ƙasa, hure mata ƙura kafin hunturu da bayansa, nema mata UPS ko aƙalla stabilaiza, kuma zare filogi kafin a canja zuwa janareta. Idan kuma allonka ya riga ya yi baƙi, rubuta alamomin da ka gani a takarda tun yau, ka fara daga kebul.