Wanda Ya Haƙa Rami Shi Ya Kamata Ya Cike Shi

Duk matafiyin da ya bi babbar hanyar ƙasa daga Yamai zuwa Damagaram, in ya duba dama da hagu, zai ga manyan ramu jajaye a bakin kwalta, wasu sun cika da ruwan damina, wasu sun zama juji. Waɗannan su ne kariyar da aka ɗebi marmara da tsakuwa da yashi a cikinsu domin shimfiɗa hanya da gina birane. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa, hukuma ta yi bikin buɗe hanya, kamyo-kamyo sun kama gabansu, an bar wa mutanen ƙauye ramin.

Ramin kuwa ba ya zama yadda aka bar shi. Bakinsa na zaizayewa kowace damina, kwazazzabo ya tashi daga nan ya shiga gonakin maƙwabta. Ruwan da ya kwanta ya zama gidan sauro, kuma tarko ga yara masu wanka da dabbobi masu neman sha. Ƙasar sama mai taki, wadda tsiro ke rayuwa a cikinta, an ture ta an cakuɗa da duwatsu, sai fako ya rage. A ƙasar da gona ke ƙanƙancewa a hannun magada, kowace hekta da ta mutu haka asara ce da talaka ke biya shi kaɗai.

Ba doka aka rasa ba. Nijar ta samu dokar ma'adinai tun ranar 2 ga Maris 1993, aka yi mata gyara a 2006, aka kawo sabuwa a 2022. Dokar kare muhalli ta 29 ga Disamba 1998 ta ɗora wa mai izinin haƙa nauyin gyara wurin da ya yi aiki. Gyaran 2006 kuma ya ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai domin kwamin-kwamin na jahar da aka haƙa. A takarda komai ya cika. Abin da ya ɓace shi ne wanda zai tsaya a bakin ramin ranar da aikin ya ƙare, ya ce ba a tashi sai an gyara.

Ba sani aka rasa ba kuma. A ƙasar Keita, cikin jahar Tawa, aikin raya karkara da aka soma a 1984 da taimakon Italiya ya nuna cewa tudun dutse da fako na iya komawa makiyaya: mutanen ƙauyuka, akasarinsu mata, sun jera duwatsu, sun gina ramukan tare ruwa, sun dasa miliyoyin itatuwa. Manoman Maraɗi da Damagaram, da sassaben zamani kawai, wato barin kututture ya toho a kula da shi, sun raya fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5. Ƙasar da ta iya wannan ba za ta ce ramin marmara ya gagare ta ba.

Hanyar gyaran sananniya ce, kuma tana somawa tun kafin a ɗebi kamyo na farko. A kankare ƙasar sama a tara ta gefe guda. In an gama ɗiba, a kwantar da bakin ramin ya zama gangare mai sauƙi, a fasa ƙasan da injuna suka danƙare, a maido da ƙasar da aka ajiye. Daga nan a yi rabin wata, kimanin 300 a hekta guda, ko tassa da taki, domin ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa. A watsa irin ciyawa kamar gamba ta riƙe gangaren, a dasa itatuwan da suka saba da wahala: dakwara, bagaruwa, aduwa, magarya. Sai abin da aka fi mantawa: tsaro. Dashen da ba a kare shi daga awaki ba har damina biyu ko uku, kiwo ne aka shuka. Tun 1975 ake dasa itace ranar 3 ga Agusta, kuma kowa ya san yawancin abin da ba a ba mai gadi ba bai ga rani na biyu ba.

Ba kowane rami ne za a mayar gona ba. Wani ya fi dacewa ya zama tabkin shayar da dabbobi ko na noman rani, in an gyara mashigarsa, wani makiyaya, wani kurmin itacen girki. Mutanen wurin, manoma da makiyaya da sarakunansu, su ne za su zaɓa, kwamitin kula da filaye ya rubuta wa ke da hakkin me, don kada filin da aka raya ya haifi sabuwar rigima.

Darasin jinkiri yana arewa. Ma'adinin uraniyom na COMINAK a Akuta, kusa da Arlit, wanda ya soma fitar da ma'adini a 1978, an rufe shi ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tarin shara mai guba wajen tan miliyan 20. Kuɗin gyaran wurin an ƙiyasta shi a kan miliyar 95 na sefa. Ramin marmara ba shi da guba irin wannan, amma lissafin ɗaya ne: gyaran da aka bari sai ƙarshe ya fi tsada, kuma yakan zo lokacin da ribar ta riga ta tafi.

Saboda haka abubuwa uku sun wajaba. Na farko, duk mai neman izinin kariyar ya ajiye kuɗin gyara a asusu na musamman, ana cire su bisa kowane kamyo, ba a maido masa sai ma'aikatan gandun daji da hukumar kwamin sun shaida an gyara. Na biyu, ma'aikatar ayyuka kada ta sa hannu a takardar karɓar hanya, kada baitulmali ya biya kason ƙarshe, muddin akwai ramin aikin da ke buɗe. Na uku, kowace kwamin ta ƙidaya tsofaffin ramukan da ba su da mai su, ta manna jerin a ƙofar ofishinta tare da abin da ta karɓa na harajin kariyar, domin jama'a su ga inda kuɗin ya shiga.

Ƴan kasuwa masu kamyo da ƴan kwangila za su ce wannan ƙarin kuɗi ne a kan aiki. Gaskiya ne, amma kuɗin ana biyansa tun yanzu, da gonar manomi da ran ɗansa, kuma su ba su ci ribar ba. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu shi ke yi masa aski. Ma'aikacin da ke riƙe da alƙalamin sa hannu shi ne zai tabbatar an yi askin kafin injuna su bar wurin.